Ranar da 'Yan Kwana-kwana Suka Koma da Ruwansu

A wani ofishin 'yan kwana-kwana a Kano an yi wani dattijo da kowa ke kira Baba, har waɗanda suka girme shi a muƙami. Ɗan majema ne, ya taso yana ganin mahaifinsa na jiƙa fata a ruwan toka har gashi ya saki, sannan a sa ta a bagaruwa. Ba shi da yawan magana, kuma ba a taɓa ganinsa yana gudu ba, ko da ƙararrawa ta kaɗa. A ƙarƙashinsa akwai wani saurayi sabon ɗauka, wanda ake kira Auta don shi ne ƙarami a ofis.

Shi Auta yana da ciwo guda a zuci. Tun ranar da ya fara sa kaki, samarin unguwarsu suka sa shi gaba da tsokana, wai ga ɗan masu zuwa da jiniya ba ruwa. Don haka kullum da asuba shi ke hawa mota ya leƙa tanki, in ya ga ya yi ƙasa ko da taƙi ɗaya ne sai ya cika. Ya ci alwashin duk ranar da aka fita da shi, sai mutanen gari sun ga ruwa har sun gaji.

Ran nan, farkon damina, bayan azahar, aka bugo waya daga Challawa, wajen masana'antun fata. Wata babbar mota ta kauce wa rami ta kwanta a ƙofar wani kamfani, kaya sun zube, inji na hayaƙi. Suka fita da tanki cike har baki. Auta na zaune a baya yana murmushi shi kaɗai.

Da suka hango taro, Baba ya ce direba ya tsaya. Ya sauko, ya ɗebi ƙasa ya watsa sama, ya ga inda iska ta kai ta, sannan ya sa aka zagaya aka faka ta ɓangaren da iska ke fitowa, a kan tudu. Wutar injin ba ta kai ta kawo ba, tukunyar hoda biyu suka kashe ta. Abin da ya tsayar da Baba shi ne kayan da ke kan titi. Buhuna ne masu kilo 25, da yawa sun fashe, abin cikinsu ya bazu, ɓarɓashi rawaya kamar an farfasa busasshen ƙanzo. A jikin kowane buhu akwai tambari fari da baƙi, hoton ruwa na ɗiga kan hannu yana cin sa, da lamba 8 a ƙasa, da 1849 a gefe. Baba ya ce salfaid ne, sodiyam salfaid, wanda kamfanoni ke haɗawa da farar ƙasa su tuge gashi daga ƙiraga. Ya sa aka ja igiya, aka kori mutane baya fiye da mita 25.

Kafin a gama jan igiyar, yaron mota ya riga ya sa hannu yana kwasar kayan ubangidansa. Hannun da gumi. Da farko ya ji santsi kamar ya taɓa sabulu, can sai ya fara yarfe hannu yana kiran uwarsa. Baba ya kama shi ya ja shi gefe, nesa da kwata, ya sa aka kakkaɓe ɓarɓashin da busasshen tsumma tukuna, sannan ya ce Auta ya kawo ruwa a bokiti, a yi ta kwarara masa a kan ƙasa ba tsayawa, minti 20 cur, kafin a wuce da shi asibiti. Yana riƙe da hannun yaron ya ce abin da ke raba saniya da gashinta, me zai bar wa fatar ɗan Adam.

Sai ga manajan kamfanin ya fito da waya biyu a hannu. Ya ce motocinsa sun maƙale, ƙofa a toshe, ga ruwa a mota, a kunna tiyo a wanke titin kowa ya kama gabansa, kuma na goro ba zai gagara ba. Baba bai ce masa i ko a'a ba. Ya bi kwatar gefen titi da ƙafa, busasshiya ce, ya ƙirga taku talatin, ya iske inda ta faɗa cikin babban lambatu, wanda ya shige ƙarƙashin titi ta wani dogon kwalbati. Ruwa na gudu a lambatun, launinsa ba na Allah da Annabi ba. Ya kira wani tsohon lebura ya tambaye shi wane ruwa aka saki yau. Tsohon ya ce na tsami ne, wanda ake jiƙa fata a ciki da gishiri da asid irin na batirin mota. Baba ya gyaɗa kai, ya ce ai dama ruwa ba ya tsami banza.

Ya dawo ya ce wa manaja ba za a zuba ko cokali ba, kuma a rufe ruwan kamfani yanzu. Ya ce a nemo yashi, da shebur, da durom na roba masu murfi, da tamfol. Da ya ga kowa na kallon kowa, sai ya ce Auta ya tsare mota, shi kuwa ya hau bayan wani mai babur ya tafi bakin hanya taren tifa.

Tafiyarsa ke da wuya taro ya buɗe baki. Wani ya ce kullum ku zo ba ruwa, yau kun zo da shi kuna rowa. Wani ya ce ai sayarwa za su yi wa masu gini. Mai shayin bakin ƙofa ya rantse tankin wayam yake, jiniya ce kawai, in ƙarya yake a buɗe a gani. Aka fashe da dariya. Manaja ya matso ya dafa kafaɗar Auta, ya ce masa ƙanena, tsoho ya tsufa, kai ne mai jini a jika, minti biyar ya ishe ka ka zama gwarzo. Ga kuma hadari ya fara haɗowa a gabas.

Auta ya tsinci kansa a gefen mota, hannunsa a kan mabuɗin famfo. Tiyo na nan a shimfiɗe, shi da kansa ya shimfiɗa shi tun isowarsu. Ƙarfen ya yi zafi da rana. Murɗawa ɗaya, kuma duk bakin da ke wurin zai mutu, labari ya kai har unguwarsu kafin magariba. Ya ce a ransa, to wai ma mene ne a ciki? Ruwa dai ruwa ne, shi ke wanke najasa, shi ke kashe wuta, yanzun nan ma da shi aka ceci hannun yaro. Wari kuwa, wannan yanki dama da warin ruɓaɓɓen ƙwai ake kwana ake tashi, ba wanda ya faɗi.

Warin ne ya tuna masa da wani zama da suka yi a gindin darbejiyar ofis. Baba ya ce musu idan salfaid ya gamu da asid, iska ce ke tashi, haidirojin salfaid. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka ba sama take yi ba, rami take nema, da rijiya, da kwalbati, ta kwanta. Hanci na jin ta tun ba ta kai kashi 1 cikin miliyan ba. Amma in ta kai wajen kashi 100 cikin miliyan, hancin sai ya daina ji ɗungurungum, mutum ya ce alhamdulillahi wari ya wuce. In ta haura 700, shaƙa kaɗan ce mutum ya zube. Ya ce hanci maigadi ne da ke ihu in ɓarawo ɗaya ya shigo, in 'yan fashi suka zo da yawa sai ya yi barci. Kuma sau da yawa gawa ta biyu ta wanda ya shiga ɗauko ta farko ce. A ranar Auta hamma ya yi ta yi.

Ya dubi ɓarɓashin da ke kan titi, ya bi kwata da ido, taku talatin, har bakin kwalbati. Bai ga kowa a wurin ba. Ba abin da ya gani sai duhu. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya ɗauke hannunsa daga famfo, ya sunkuya ya fara naɗe tiyo, a hankali, yadda aka koya masa. Ihun da aka yi masa a lokacin, har yau in ya tuna sai kunnensa ya yi zafi.

Yana cikin naɗi tifa ta iso, Baba a gaba. Ya dubi tiyon, ya dubi Auta, bai ce komai ba, ya miƙa masa shebur. Suka toshe bakin kwata da yashi. Mutum biyu suka goya tukunyar iska, suka sa safar roba da dogon takalmi, suka shiga kwasa a bushe suna zubawa a durom. Wanda bai kwasu ba aka kewaye shi da yashi, aka lulluɓe da tamfol, aka danne da bulo. Iska ta taso da ƙura, kowa na duban gabas. An rufe durom na ƙarshe ke nan aka fara yayyafi.

Yayyafin ne ya koro su. Daga ɗaya bakin kwalbatin, can tsallaken titi, sai ga kai ya leƙo, sai wani, sai wani. Masu yasar kwata ne, su huɗu, an ɗauke su aikin fitar da shara kafin ruwa ya kankama, tun hantsi suna ciki ba wanda ya sani. Na ƙarshensu yaro ne, da ƙyar zai kai shekara goma sha biyar, yana jan kwando. Suka tsallako suna tambayar me ya faru aka taru haka. Mai shayi ya kwashe labari ya ba su, har da kwaikwayon yadda Auta ke naɗe tiyo. Babbansu ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce Allah wadaran naka ya lalace, su da suke fatan a sako ruwa ya taya su tura shara.

Auta ya ƙirga su da ido, ya sake ƙirgawa, sai ya ji ƙafafunsa sun ƙi ɗaukarsa, ya zauna a kan matakalar mota. Baba ya zo ya zauna kusa da shi, ya ɓare goro ya ba shi rabi. Ya ce, "Ɗana, gobe ka huta da cika tanki." Auta ya ce, "To, Baba."

Suka koma ofis cikin ruwan sama, ba jiniya, tanki cike in ban da bokitan da aka zuba wa yaron mota.

In wata rana hanya ta bi da kai wajen, ka zauna a bencin mai shayin nan ka ce ya ba ka labarin 'yan kwana-kwanan da suka zo da ruwa suka koma da abinsu. Ya iya bayar da shi ƙwarai, kuma in ka yi sa'a za ka tarar da ɗaya daga cikin mutanen kwalbati a wurin, yana gaskata shi.