Ina Iyakar Kwalliya?

Babu wata al'umma a bayan ƙasa wadda ba ta san kwalliya ba. Ko ina mutum ya sauka, birni ko ƙauye, zai tarar mata suna da abin da su ke shafawa, maza ma suna da nasu gwargwado. Son kyau halin ɗan Adam ne, wannan ba abin gardama ba ne. Abin da ya cancanci a zauna a yi tunani a kansa shi ne iyakar abin. Watau a wane wuri gyaran jiki ya ke ƙarewa, ɓarnar jiki ta soma?

A ƙasar Hausa kayan kwalliya tsofaffi ne ƙwarai. Akwai lalle na ƙunshi, da kwalli na ido, da katambiri wanda 'yan mata su ke ɗiga wa fuska, da sabulun salo na wanka, da man kaɗanya na shafawa da hunturu don kada jiki ya yi kaushi, ƙafa ta yi faso. Daga wajen Barno da Sudan kuma aka sami dilka wadda a ke murza wa amarya, da halawa ta cire gashi, da humra. Abin lura game da waɗannan shi ne mace ta san asalin yawancinsu. Ta ga itacen kaɗanya a gona, ta ga yadda a ke dakan lalle. In kuwa ta bar su wata guda, ba abin da zai same ta, sai dai kwalliyar ta koɗe.

Yanzu zamani ya zo da nasa salon. Kantuna sun cika da kwalabe daga Ingila da Faransa da Amurka da Indiya. Daga wajen shekarar 2010 kayan Koriya ta Kudu suka yi tashe a duniya, tare da wata ɗabi'a ta gyaran fuska daki daki, har hawa 10. A wanke da wannan, a goge da wancan, a ɗiga wani ruwa, a lulluɓe fuska da wani ƙyalle mai laima, sa'an nan a bi da mai. Da can dillaliya ita ke shiga gida gida da ƙunshin kayanta. Yau wayar hannu ta gaje ta, ba ta sallama, ba ta kuwa jiran maigida ya fita.

Ba gaskiya ba ne a ce kayan zamani duk sharri ne. Man kare fata daga zafin rana rahama ne, tun ba ga zabiya ba, wanda rana ta kan jawo wa ciwon dajin fata. Magungunan ƙurajen fuska sun fid da samari da 'yan mata da yawa daga kunya. Har man kaɗanya na gida ya haye teku, aka zuba shi cikin kwalba mai ado, ya komo da tsada. Darajarsa ce ta sa a shekarar 2025 gwamnatin Nijeriya ta sa dokar tsai da fitar da ɗanyen ƙwallon kaɗanya har wata 6, don a riƙa sarrafa shi a gida.

Amma cikin kayan nan akwai wani iri wanda aikinsa dabam ne, shi ne man sauya launin fata, wanda jama'a su ke kira bilicin. A shekarar 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da labari cewa mata 77 cikin 100 a Nijeriya suna shafa irinsa, a Togo 59, a Afirka ta Kudu 35, a Senegal 27, a Mali 25. Maza ma ba a bar su baya ba.

Kafin a yanke wa abu hukunci ya kamata a san yadda ya ke aiki. Cikin fatar kowane mutum akwai waɗansu ƙananan ƙwayoyi masu yin wani launi da likitoci su ke kira melanin. Baƙin mutum da farin mutum yawan ƙwayoyinsu kusan ɗaya ne, sai dai na baƙi sun fi yin aiki. Launin nan kamar rumfa ya ke, yana tare zafin hasken rana kada ya illata naman da ke ƙarƙashi. Man bilicin aikinsa ya hana ƙwayoyin nan aiki, watau ya yaye rumfar. Abubuwa 3 aka fi zuba masa. Na fari zaiba, wadda ta kan ratsa fata ta shiga jini, ta ɓata ƙoda, ta taɓa jijiyoyi har hannu ya riƙa rawa, ta kuma isa ga ɗan da ke ciki. Na biyu haidurokwinon, wanda likita ya kan ba da na ɗan lokaci don gusar da tabo, amma in aka daɗe ana shafa shi sai ya bar wani baƙin tabo mai shuɗi-shuɗi a kumatu, mai wuyar magani. Na uku sitiroyid, maganin ƙaiƙayi da kumburi, wanda yawansa ya kan sa fata ta yi laushi kamar tsohon tsumma, nankarwa ta fito, rauni ya ƙi warkewa, har ya kan jawo hawan jini da ciwon sukari. Abin da ya fi muni shi ne, ran da mai shafawa ta daina, sai launin ya komo, sau da yawa da ƙuraje da dabbare-dabbare, tilas ta koma wa kwalbar. Garin gyaran gira an rasa ido ke nan.

To, a kan wannan magana mutane sun rabu biyu. Waɗansu sun ce kwalliya duk yaudara ce, wadda ta sa hoda da wadda ta sa bilicin jirgi ɗaya ya ɗauko su, gara a bar jiki yadda Allah Ya yi shi. Waɗannan sun tsananta. In da barin jiki yadda ya ke shi ne daidai, da ba a yi aski ba, da ba a yanke farce ba, da ba a ce tsabta cikon addini ba. Gona ma kyauta ce ta Allah, amma ba wanda ya taɓa zargin manomi don ya yi mata noma ya zuba taki.

Waɗansu kuma sun ce jiki na mai shi ne, kuɗi nata, fata tata, ina ruwan wani? Wannan magana tana da daɗin ji, amma ta manta abu biyu. Na ɗaya, ba wanda ya sayi jikinsa a kasuwa. Amana ce aka ba shi, mai riƙon amana kuwa yana da ikon ya mori abin, ba shi da ikon ya lalata shi. Na biyu, cutar ba ta tsayawa ga mai shafawa. Ɗan da ke ciki bai zaɓi zaiba ba. Mijin da zai sai da hatsinsa don jinyar ƙoda, da 'ya'yan da za su rasa mai dafa musu tuwo, su ma da ruwansu.

Gaskiya tana tsakani, ana kuwa iya gane ta da ma'auni 3. Ma'auni na fari: shin abin nan yana barin jiki da lafiyarsa, ko kuwa rance ya ke ci daga lafiyar gobe don ya biya kyan yau? Na biyu: shin mutum yana iya barinsa ran da ya so? Abin da ba a iya bari ya tashi daga bara ya zama ubangida. Na uku, wanda ya fi sauran zurfi: me ke cikin zuciya lokacin da hannu ya ke shafawa? Wadda ta ke shafa man kaɗanya tana cewa ne, wannan fata tawa ce, bari in kyautata mata. Wadda ta ke shafa bilicin kuwa, ko ba ta furta ba, cewa ta ke, wannan fata ba ta ishe ni ba, ta wata na ke so. Ta fari godiya ta ke yi, ta biyu ta raina kyautar da aka yi mata. A cikin Suratur Rum an lissafa bambancin harsuna da na launin mutane cikin ayoyin Allah, abin da aka kira aya kuwa ba aibi ba ne da za a kankare.

Ma'aunin nan ba ya duban tsufa ko sabunta. Dutsen kwalli, wanda aka gada kaka da kakanni, an auna shi an tarar yawancinsa dalma ce, irin gubar da ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010. Dalma tana dakushe ƙwaƙwalwar yaro, don haka sa wa jariri irin wannan kwalli kasada ce. Baƙin lalle da a ke gauraya wa rinin gashi shi ma ya kan ƙona hannun amare. Ashe ba kowane na gida ke da aminci ba, ba kuwa kowane baƙo ke da cuta ba.

Saura tambaya ɗaya, wa ke da laifi? Abu mai sauƙi ne a nuna mace da yatsa, a yi dariyar farar fuska da baƙaƙen gaɓoɓin yatsu. Amma ba wanda ke kai kaya kasuwar da ba masaya. Saurayin da ya ce shi sai fara, da uwar miji mai kirarin farar mace alkyabbar mata, da mai kanti wanda ba ya ɗaukar mai jiran kaya sai mai haske, da dangin da ke leƙa kunnen jariri ran suna don su ga launin da zai yi, su ne suka yanka wa fata farashi. Har an kai ga waɗansu iyaye suna shafa wa ƙananan yara man nan don kada a fifita 'ya'yan kishiya a kansu. Yaron da aka yi wa haka an cuce shi sau biyu, an ɓata masa fata, an kuma koya masa tun yana goye cewa yadda aka haife shi bai yi ba.

Harshe ma yana da hannu. A kan ce farin ciki da farin jini, a ce baƙin ciki da baƙin jini, har kunne ya saba da cewa alheri fari ne. Amma wanda ya yi yaƙi da jahilci ya ci nasara ya san wani abu kuma. Takarda fara ce, ba ta faɗin kome sai an ɗora mata baƙi. Harafin kansa sunansa baƙi. Ƙasar da ta fi ba da amfanin fadama ma baƙa ce.

Hukumomi ba su yi barci ba. Afirka ta Kudu ta hana sa haidurokwinon cikin kayan shafa a 1990, Tarayyar Turai a 2001, Ghana a 2016. A 2013 ƙasashen duniya suka ƙulla alkawarin rage aiki da zaiba, suka sa masa sunan Minamata, wani gari na Japan inda a 1956 aka gane mutane suna shanyewa saboda cin kifin da ya sha zaibar wata masana'anta. A 2023 aka ƙara ɗaure alkawarin, aka sa 2025 ta zama wa'adin daina yin kayan shafa masu zaiba. A 2023 ɗin kuma hukumar NAFDAC ta Nijeriya ta ce bilicin ya zama lamarin gaggawa ga lafiyar ƙasa. Wani shahararren mai na Indiya, Fair & Lovely, wanda aka soma sayarwa a 1975, masu shi sun sake masa suna a 2020, suka cire kalmar da ke nufin fari saboda surutun jama'a. Duk wannan ya yi kyau. Sai dai doka tana iya kama kwalba a bakin iyaka, ba ta iya kama sha'awa a zuci. Muddin ana biyan fari fiye da baƙi, za a sami mai dama haɗi a bayan ɗaki, ta ɗura a roba ba suna ba lamba, ta ce na itatuwa ne zalla.

Saboda haka gyaran yana hannun kowa. Wanda ya iya karatu ya riƙa duba jikin kwalba, ya nemi lambar hukuma da ranar lalacewa, ya guji duk man da ba a rubuta abin da ke cikinsa ba, da wanda ya yi alkawarin haske cikin kwana 7. Wadda ta riga ta daɗe tana shafawa kada ta fid da zuciya, ta je asibiti a nuna mata yadda za ta janye sannu sannu, gama yanke sitiroyid farat ɗaya yana da tasa wahalar. Maigida ya yaba wa matarsa da launin da ya auro ta. Uwa ta gaya wa 'yarta tana da kyau tun kafin waya ta gaya mata ba ta da shi.

Hausawa su kan tambaya ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Kwalliyar da aka saya da ƙoda, ko da lafiyar ɗan da ba a haifa ba, ba ranar da za ta biya. Allah Ya ba jama'a lafiya da wadar zuci, amin.