Farfela da iyakar da ba a faɗa mana ba

Gyaran injin kwale-kwale nake yi a bakin Logone, inda mutanen Yagoua ke tsallakawa zuwa Bongor. Farfelar da aka matsa wa juyi fiye da kima ina gane ta da gani ɗaya: fuka-fukanta duk sun yi zanzana. Kumfa ne ke tashi a bayansu yana fashewa, yana cin ƙarfen, jirgin kuwa bai ƙara sauri ba.

Rannan nake ba Kawu labarin jirgin saman da Amurkawa suka gwada a 1955, XF-84H, a sansanin Edwards na Kalifoniya. So suka yi farfela ta ja jirgin yaƙi zuwa kusa da saurin sauti, wanda ya kai wajen kilomita 1,200 a awa. Sai bakin fuka-fukan ya ƙetare saurin sauti tun jirgin yana ƙasa. Ana jin ƙararsa daga nisan kilomita 40, ma'aikatan da ke kusa har amai suke yi. Biyu aka ƙera, sau 12 suka tashi, a 1956 aka rufe aikin.

Kawu ya ce, "Ɗana, shisshigi ke nan. Allah ya sa wa komai iyaka, mai taɓa ta kunya zai sha."

Na kwana da maganar, ban yarda da ita duka ba. Iyaka iri biyu ce. Ta halal da haram an faɗa mana ita, ba mu da uzurin gwadawa. Amma wadda Allah ya ajiye cikin iska da ruwa da ƙarfe ba a saukar da ita a rubuce ba, sai an je an dafa ta. A 1947 Chuck Yeager ya wuce saurin sauti da injin roka. Ashe katangar a gaban farfela take, ɗan Adam yana da wata hanya. Wa zai bambance katangar farfela da ta ɗan Adam yana zaune a gida?

Inda zuciyata ke komawa wajen Kawu shi ne kan ma'aikatan nan na ƙasa. Ɗaya daga matuƙan, Hank Beaird, ya tashi sau 11, goma ya yi saukar gaggawa, amma da saninsa ya hau. Su kuwa albashi ya tsayar da su a gindin ƙarar. In akwai haƙƙi a aikin nan, nasu ne.

Da na faɗa wa Kawu haka, sai ya miƙo hannu na ba shi wata tsohuwar farfela, ya daɗe yana shafa ramukanta da babban yatsa.