Rufe Rauni da Gam da Iyakar Ikon Mutum a Kan Jikinsa

Daga cikin ɗabi'un da suka yaɗu a tsakanin masu sana'ar hannu, irin su kafintoci da kanikawa da mahauta da masu gyaran takalma, akwai ɗiga gam mai saurin kamawa, wanda aka fi sani da sufa gulu, a kan yanka domin jini ya tsaya a koma bakin aiki, maimakon a tafi asibiti a yi ɗinki. Wasu kuma sukan cusa shi cikin faso, wato tsagewar dunduniya, a lokacin hunturu. Dalilan yin hakan ba ɓoyayyu ba ne, domin akwai kuɗin kati da na ɗinki, da dogon layi, da asarar cinikin yini guda, da kuma tsoron allura. Sai dai wannan ƙaramin aiki yana tayar da tambaya mai nauyi a addini, wato ko jikin mutum mallakarsa ne da zai yi masa duk abin da ya ga dama, ko kuwa ajiya ce da aka damƙa masa bisa sharaɗi, kuma idan ajiya ce, wane ilimi ne ya wajaba a kansa kafin ya sa mata hannu.

Malaman fiƙihu sun kafa ƙa'idar cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an fahimci yadda yake, don haka ya dace a fara da sanin gam ɗin kansa. Sinadarin da ke cikinsa, wanda masana ke kira sayano'akirilet, an gano ƙarfin kamunsa ne a Amurka a shekarar 1942, lokacin da Harry Coover da abokan aikinsa ke neman roba mai haske ta saitin bindiga, kuma kamfanin Eastman Kodak ya fitar da shi kasuwa a 1958. Likitocin sojan Amurka sun fesa wani nau'insa a kan raunukan sojoji a yaƙin Biyetnam domin tsayar da jini kafin a kai su ɗakin tiyata, sannan a 1998 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da Dermabond, wanda aka haɗa shi musamman domin fatar ɗan Adam. Ke nan mai cewa likitoci ma suna rufe rauni da gam bai yi ƙarya ba, illa dai gam ɗin asibiti da na kanti ba ɗaya ba ne. Na kanti yana daskarewa da zarar ya haɗu da laima, yana fitar da zafi a yayin daskarewar, har yakan ƙona fata idan ya haɗu da auduga, kuma idan ya fara lalacewa yana sakin famaldihayid, sinadarin da ake adana gawa da shi, wanda ke sa nama ya kumbura ya yi raɗaɗi. Na asibiti kuwa a hankali yake lalacewa, yana lanƙwasuwa tare da fata, kuma yakan ɓare da kansa cikin kwana 5 zuwa 10.

Amma bambancin da ya fi wannan muhimmanci yana cikin abin da ake yi kafin a rufe raunin. Ma'aikacin lafiya yakan wanke yankan da ruwa mai yawa, ya leƙa zurfinsa, ya fitar da tsakuwa ko gilashi ko tsatsa, ya sa mai raunin ya motsa yatsunsa ɗaya bayan ɗaya domin ya tabbatar jijiya ba ta tsinke ba, ya tambayi yaushe aka yi masa allurar rigakafi ta ƙarshe, sai bayan duk wannan ya haɗe leɓɓan raunin da yatsunsa ya shafa gam a saman fata, ba tare da ya bari ya shiga cikin nama ba. Ba ya rufe cizon dabba ko na mutum da gam, haka nan sukar ƙusa, da raunin da ke kan gaɓa mai lanƙwasuwa, da wanda ya riga ya fara mugunya. Mahaucin da wuƙa ta shige shi a gindin yatsa yana iya ganin jini ya tsaya cak bayan ɗigo biyu na gam, ya ci gaba da yankan nama, sai bayan makonni ya lura yatsan ba ya tanƙwaruwa, a lokacin da haɗa jijiyar ya riga ya yi wuya. Ƙwayar cutar sarƙe-haƙora, wadda likitoci ke kira tetanos, tana zaune a cikin ƙasa da kashin dabbobi, tana bunƙasa ne a inda iska ba ta shiga, kuma alamunta kan bayyana tsakanin kwana 3 da 21, saboda haka wanda ya toshe rauni mai zurfi da datti a cikinsa ya tanadar mata irin wurin da take so.

A mahangar Musulunci, jiki amana ne, wato abin da aka bai wa mutum ya kula da shi kuma za a tambaye shi a kansa, kuma kiyaye rai yana cikin manufofin shari'a guda biyar da malamai irin su Al-Ghazali da Al-Shaɗibi suka bayyana. Wannan bai haramta jinyar gida ba, domin Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa a ranar Uhudu, a shekara ta 3 bayan hijira, Sayyidina Ali ya riƙa zuba ruwa Nana Faɗima tana wanke raunin fuskar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ta ga jinin yana ƙaruwa sai ta ƙona guntun tabarma ta manna tokar a wurin, jinin ya tsaya. Abin lura shi ne wankewa ta gabaci rufewa. Bayan shekara biyu, da kibiya ta sami Sa'adu ɗan Mu'azu a jijiyar hannu a yaƙin Khandak, littattafan sira sun nuna an kai shi tantin Rufaida Al-Aslamiyya, wadda aka san ta da jinyar masu rauni. Waɗannan misalai biyu suna nuna cewa girman rauni ne ke tantance hannun da ya cancanci ya taɓa shi, kuma tawakkali, wato dogaro ga Allah, ba ya cika sai an bi sababin da ya dace da matsalar, ko da akwai wani sababin da ya fi shi araha.

Nauyin yana ƙaruwa idan jikin na wani ne. Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah sun ruwaito hadisin da ke ɗora lamuni, wato biyan diyyar ɓarna, a kan wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin likitanci ba, kuma Ibnu Rushdi ya kawo a Bidayatul Mujtahid cewa irin wannan mutum mai ƙetare iyaka ne. Maigidan da ya ɗiga wa yaron shagonsa gam a tafin hannu domin kada aiki ya tsaya, ko uwar da ta manne goshin ɗanta kusa da ido, sun ɗauki matsayin likita ba tare da iliminsa ba, kuma kyakkyawar niyya ba ta ɗauke alhakin abin da ya biyo baya, musamman da yake yaron ba shi da bakin musu.

Akwai kuma batun tsarki, domin gam yana hana ruwa taɓa fata, alhali mazhabar Malikiyya ta wajabta kai ruwa ga gaɓa tare da cuɗawa a alwala da wanka. Shari'a ta yi rangwame ga mai rauni, inda Mukhtasar na Khalil ya tsara cewa wanda ke tsoron cutuwa da wankewa zai shafi raunin, idan bai iya ba ya shafi maganin da ke kansa, idan bai iya ba ya shafi ɗaurin da ke bisa. Sai dai rangwamen yana tafiya ne gwargwadon buƙata, don haka gam ɗin da ya malale ya bushe a kan lafiyayyar fata nesa da raunin shamaki ne da ya kamata a kawar da shi idan hakan ba zai cutar ba.

Hujja mafi ƙarfi ta masu wannan ɗabi'a ita ce larura, kuma ba hujjar da za a raina ba ce, domin manomin da ke nesa da kowane asibiti, ko leburan da kuɗin ɗinki ya kai abincin iyalinsa na kwanaki, ba daidai yake da mai hali da ƙyuya ta hana shi fita ba. Amma ƙa'idar da ta ce larura tana halatta abin da aka hana tana tare da 'yar'uwarta da ta ce ana auna larura da gwargwadonta, kuma ba a kawar da cuta da wadda ta fi ta. Wanda bai sami asibiti ba yana da ruwa mai tsabta da sabulu da ƙyalle mai tsabta da zai danne jini da shi, kuma raunin da aka wanke aka ɗaure ba tare da an manne shi ba yakan warke daga ciki zuwa waje, ko da zai bar tabo mai faɗi. Bugu da ƙari, samar da masu jinya farali ne na kifaya, wato wajibin da ke kan al'umma gaba ɗaya har sai wasu sun ɗauke shi, don haka idan tsada ce ta tura talaka ga gam ɗin takalmi, hukuma da mawadata suna da kasonsu na alhakin.

Abin da ya fito daga wannan bayani shi ne cewa hukuncin bai rataya ga gida ko asibiti ba, ya rataya ne ga sanin abin da ake rufewa. Ƙaramin yanka marar zurfi, mai tsabta, wanda jininsa ya tsaya da dannawa, mutum na da ikon kula da shi da kansa, kuma filasta ta ishe shi. Wanda ya buɗe baki, ko ya nuna kitse ko jijiya, ko jininsa ya ƙi tsayawa, ko ya zo daga cizo ko ƙarfe mai datti, ya fita daga abin da mai shi ke da ilimin hukunta shi, kuma haƙƙin amanar a wannan hali shi ne a kai shi ga masani cikin sa'o'in farko, tun ɗinki yana yiwuwa.