Mudu Ɗaya ko Biyu? Dokokin Attaura a Muhawarar Auren Jinsi

A watan Mayu na 2024 babban taron cocin United Methodist a Amurka ya ɗage haramcin naɗa masu neman jinsinsu a matsayin fastoci. Kafin ƙarshen Yuli, Bishop John Wesley Yohanna na Jalingo ya fice daga cocin tare da ɗimbin mabiya. Jalingo na shiyya ɗaya da Maiduguri, inda ake karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa kowace Lahadi a majami'un EYN da na Angilikan. A matsayinmu na manazarta adabi, abin da ya ja hankalinmu shi ne yadda ɓangarorin biyu ke karanta nassi guda.

Littafin Firistoci, sura ta 18 aya ta 22, ya haramta wa namiji kwana da namiji. Masu neman sassauci sukan ce ai littafin ya hana cin alade a sura ta 11, ya kuma hana sa tufa mai zare iri biyu a sura ta 19, me ya sa za a riƙe wata aya a saki wata? A ganinmu wannan hujja ba ta da ƙarfin da ake zato. Tun 1571 ƙa'ida ta bakwai ta aƙidar Angilikan ta raba dokokin Annabi Musa gida uku: na ibada da na mulki, waɗanda ba su hau kan Kirista ba, sai na ɗabi'a da suka dawwama. Ɗalibin da ya san nasikhi da mansukhi ba zai ji baƙon abu ba. Ga kuma Bulus ya maimaita hanin a surar farko ta wasiƙarsa ga Romawa.

Sai dai gizo ba nan yake saƙa ba. Littafin bai lakanta wa kowace aya gidanta ba. Mai karatu ne ke rabon. Riba fa? Sura ta 25 ta hana karɓarta daga ɗan'uwa matalauci, coci ta yi ƙarnoni tana ɗaukarta zunubi, har Calvin ya sassauta a 1545. Yau ba mu ji cocin da ta tsage saboda banki ba. Ayyukan Manzanni sura ta 15 ta jera fasikanci tare da cin jini da naman da aka maƙure, amma ɗaya kaɗai ake ɗaga murya a kansa.

Mafi kusa da mu shi ne auren mace fiye da ɗaya. Taron bishop-bishop na Lambeth a 1888 ya hana yi wa mai mata da yawa baftisma. A 1988, bisa roƙon 'yan Afirka, taron ya yarda a karɓe shi da matansa muddin ba zai ƙara ba, domin korar matan zalunci ce. Shekara goma bayan haka, da ƙuri'a 526 a kan 70, taron ya ce luwaɗi ya saɓa wa nassi. Mai yiwuwa akwai dalilin da ya raba hukuncin biyu, amma wajibi ne masu tsanantawa su fito da shi fili, su kuma yarda a auna su da shi. Su ma masu sassauci akwai bashi a kansu: in ƙauna ta isa ta ɗage aya ta 22, su gaya mana abin da ya riƙe aya ta 20, mai hana zina da matar maƙwabci.