Biza Tana da Wa'adi, Hakkin Iyaye Ba Shi da Wa'adi



A Gesse da sauran unguwannin Birnin Kebbi, har zuwa Argungu, akwai gidajen da 'ya'yansu suka ƙetare teku, waɗansu aikin jinya, waɗansu neman ilimi. Idan aka haifi jika a can, sai saƙo ya iso cewa Mama ko Baba su shirya fasfo. Abin farin ciki ne, amma ya kamata mu san irin ƙofar da ake buɗe wa tsofaffinmu.

Ƙofar baƙunci ce. A Ingila, bizar ziyara ba ta wuce wata 6 a kowace shiga, kuma ba a yarda baƙo ya yi aiki ko ya karɓi tallafin gwamnati ba. Tun 2012 ƙasar ta tsananta ƙa'idar ɗauko tsoho ya zauna dindindin. Kanada ta buɗe biza ta musamman domin iyaye da kakanni a 2011, tun 2022 kuma tana barin su har shekara 5 a shiga ɗaya, muddin an sayi inshorar lafiya ta aƙalla dalar Kanada 100,000. A Yulin 2025 Amurka ta rage yawancin bizar ziyara ta 'yan Nijeriya zuwa shiga ɗaya cikin wata 3. Dokokin ƙasashe suna canjawa, amma doka ta huɗu, wadda ta umarce mu mu girmama uba da uwa, tana nan daram.

Ku tuna da Yusufu a Littafin Farawa, sura 45 zuwa 50. Da Allah ya ɗaukaka shi a Masar, ya aika da karusai aka ɗauko mahaifinsa Yakubu mai shekara 130. Ya fita da kansa ya tarye shi a Goshen, ya kai shi gaban Fir'auna, bai ji kunyar cewa makiyayi ne ba. Shekara 17 yana ciyar da shi. Da tsohon ya roƙa a binne shi a Kan'ana, Yusufu ya rantse, ya kuma cika alkawari.

Ku 'ya'ya, in kun gayyaci mahaifiyarku, ku tambayi zuciyarku: uwa kuke kira ko mai reno? Kada ku fita aiki dare da rana ku bar ta cikin ɗaki da jariri, ba maƙwabci, ba mai jin harshenta, ga sanyi. Ku kai ta Misa ranar Lahadi, ku duba lafiyarta, ku zauna ku ci tuwo tare. Kada kuma ku sa ta yi ƙarya a takardun neman biza, gama ramin ƙarya ƙurarre ne.

Ku iyaye, in wa'adi ya cika, ku dawo gida da mutuncinku. Wanda ya wuce kwanakinsa yakan rufe wa kansa ƙofa, ya jefa ɗansa cikin wahala. Ku bar wa jikokinku abin da hukuma ba ta iya sa wa wa'adi: addu'a, alamar gicciye, da harshen gida.

Mu kuma jama'ar Ikilisiya, akwai tsofaffin da aka hana biza, da waɗanda ba mai gayyatarsu. Yesu yana kan gicciye ya danƙa Uwarsa Maryamu a hannun Yahaya, domin kada ta zauna ita kaɗai. A 2021 Fafaroma Fransis ya keɓe Lahadi ta huɗu ga watan Yuli domin kakanni da tsofaffi, amma kada mu jira Yuli. Bari Zumuntar Mata da matasa su riƙa ziyartarsu, a kuma sanar da Fada wanda ba ya iya zuwa coci, domin a kai masa Jikin Kristi.

Allah ya kiyaye matafiyanmu, ya ta'azantar da masu jira, ta wurin roƙon Waliyi Yowakim da Waliyiya Hannatu, kakannin Ubangijinmu. Amin.