Taurarin da Ke Faɗuwa a Lokacin Jiran Zuwan Ubangiji



Bara, a cikin watan Disamba, na kwana a wani ƙauye kusa da Miga domin Misar safe. Da asuba wata dattijuwa ta zo mini tana kuka, ta ce, "Fada, jiya na ga taurari bakwai sun faɗi ta gabas, ɗana kuwa yana Legas, wata uku ban ji duriyarsa ba." Har ta riga ta ɗaure akuyarta ɗaya tilo za ta kai wa boka. Saboda ita nake wannan rubutu, gama na san ba ita kaɗai ba ce.

Abin da ta gani ba taurari ba ne. Tauraro na gaskiya wata rana ce mai nisan gaske, ba ya faɗowa. Ku duba, Kaza da 'Ya'yanta suna nan inda kakanninmu suka bar su. Wannan haske da ke gilmawa ƙurar dutse ce, yawancinta ba ta wuce ƙwayar gero ba. Kowace shekara, wajen 13 da 14 ga Disamba, duniyarmu takan ratsa ta cikin ƙurar da wani dutsen sama mai suna Fayeton ya bari a hanyarsa, wanda masana suka gano a 1983. Ƙurar takan shigo iskarmu da gudun kilomita 35 a daƙiƙa guda, ta ƙone ƙurmus tun tana da nisan kilomita 80 ko fiye daga bisa kawunanmu. Abin da ke zuwa a kan kari kamar kaka da damina, ta yaya zai zama saƙon mutuwar ɗan wani?

Kada mu yi wa uwar nan dariya. A daren 12 ga Nuwamba 1833 irin wannan haske ya zubo a Amurka dubbai a cikin sa'a guda, mutane da yawa suka durƙusa suna tsammani ranar shari'a ta yi. Gari ya waye, kowa ya koma gonarsa.

Gaskiya ne, a Markus sura 13 Ubangijinmu ya ambaci faɗuwar taurari a ƙarshen zamani. Amma a wannan sura kuma ya faɗa sarai cewa sanin ranar da sa'ar na Uba ne shi kaɗai, ya umarce mu da zaman tsaro. Bai aike mu wurin boka ba. Zabura ta 147 ta koya mana cewa Allah ya san adadin taurari, yana kiran kowanne da sunansa, a nan kuma ta ce shi ne mai warkar da masu karyayyar zuciya. Kiristocin Italiya sukan kira irin wannan haske na watan Agusta hawayen Waliyyi Lorens, dikon na Roma da aka kashe saboda bangaskiya a shekara ta 258. Mu dai gajimaren damina kan hana mu ganinsa. Namu rabon na Disamba ne.

Ita dattijuwar, mun yi addu'a tare, katekis ya nemo lambar wani ɗan garin a Legas, akuyar kuma ta koma turkenta.

Ina roƙon katekis na kowane ƙauye, a daren 13 ga Disamba, bayan Rosari, ya fito da jama'a fili, a kashe fitilu, a shimfiɗa tabarmi. Daga ƙarfe 10 zuwa tsakar dare a dubi sama, in hazo bai yi kauri ba. A rufa wa yara bargo saboda sanyin hunturu, a bar su su ƙirga.