Mai shan maganin ƙanjamau ya zo neman aure, me za mu ce masa?

Yanzu a Jos waliyyai da yawa ba sa yarda a ɗaura aure sai sun ga takardar gwajin jini. A Kano ma gwamnati ta mayar da gwajin doka a 2024. To idan takarda ta nuna ɗayansu yana ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau fa? Abin da muka saba, a mayar da kuɗin gaisuwa, kafin la'asar labari ya zaga Gangare ya isa Terminus.

Hujjarmu ita ce kada a cuci 'yar mutane, kuma a da hujja ce mai ƙarfi. Sai dai magani ya canza lissafin. Wanda yake sha kullum ba fashi, ƙwayar takan ragu a jininsa, galibi cikin wata shida, har awo ya kasa ganinta. Ba warkewa ya yi ba, an dai danne ta. A Turai likitoci sun bi ma'aurata ɗaruruwa, ɗaya na da cutar yana shan magani, ɗaya ba shi da ita. A sakamakon da suka fitar a 2016, an sadu kusan sau 58,000 ba kwaroron roba, ba wanda ya ɗauka daga abokin zamansa. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa wanda awo bai ga ƙwayar a jininsa ba, muddin yana kan magani, ba ya yaɗa ta ta hanyar saduwa. Maganin kuwa ba sai an je Turai ba, fiye da shekara 20 ke nan ana bayar da shi a asibitin koyarwa na JUTH.

Ke nan ya ɓoye, tunda ba zai cutar da kowa ba? A'a. Kariyar matar tana rataye ne a kan ƙwayar da yake haɗiya kullum. Ya tafi fatauci Legas ko Anaca ya bar kwalba a gida, cikin 'yan makonni cutar ta sake ɗagowa. Wadda lafiyarta ke hannun wani, haƙƙinta ne ta sani, haka uwargida idan ƙari zai yi. Batun ciki da shayarwa kuma nasa daban, sai da likita.

Amma mu ma mu dubi namu. Me ke sa mutum ya ɓoye magani a ƙarƙashin buhu a shago, ko ya ƙi zuwa karɓa don kada ɗan unguwa ya gan shi a layi? Bakinmu ne. Duk wanda tsegumi ya raba da magani, mun sa hannu a abin da zai sami iyalinsa.

Waliyyi yana da damar ya ƙi, yarinya ma haka, ba a tilas. Kafin nan dai a tambayi manemin tun yaushe ya fara sha, a ga takardar awonsa na ƙarshe, su biyun su zauna gaban likita. Ko an yarda ko an fasa, maganar ta tsaya a ɗakin da aka yi ta.